Shekarar da Ɗinya Ta Ƙi

Shekaranjiya jikata ta dawo daga kasuwar Wunti da ɗinya ƙulle a leda, ba ta fi cikin tafi biyu ba. Ta juye mini a faranti tana mita, wai ta zaga kasuwar kaf wurin mace ɗaya ta samu, kuma matar ta ce bana bishiyoyin ba su yi ba. Ita zancen kayan marmari take yi. Ni kuwa abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne, to bana naman dawa zai taru wuri guda. Sai da na gama wannan tunani sannan na tuna dajin da nake nufi yanzu gidaje ne da shaguna, keke na shiga yana fita. Na ce ta kwashe ta ba yara.

Sunana Ladi. Ni 'yar ƙauye ce, daga wani ɗan gari a gindin duwatsun wajen Gubi aka kawo ni birni, gidan wani maharbi a Wunti. Malam nake ce masa yana raye, haka nake ce masa har yau. Mu huɗu ne a gidan da farko: shi, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da ni, da 'yarmu Uwani. Daga baya aka haifi Audu. Muna da 'yar gona a bayan ganuwa, amma ba ta ciyar da mu shekara. Abin da ke cike giɓin nama ne. Da damina Malam na gona, in amfani ya kusa nuna sai ya sauko da bindigarsa daga jikin bango, doguwar bindigar toka irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Harbi ɗaya take yi, sai an zauna an sake ɗuri.

Ni kuma sana'ata maɗi. Tun ina yarinya na iya. A jiƙa nunanniyar ɗinya, a murje ta da hannu har ƙwallon ya fita fes, a tace, a ɗora a wuta tun hantsi ana juyawa, sai la'asar ya yi kauri ya yi baƙi yana bin muciya. Mai yin maɗi ba ta ɓuya. Faratanta kan yi baƙi, kuma baƙin sai ya ga dama yake fita.

Mutane suna ɗauka maharbi dabba yake bi. Malam ya ce shi bishiya yake bi. Tun cikin bazara, ana tsakiyar zafi, yakan fita ba bindiga, ya wuni yana duba fure. Ya san kowace ɗinya da kowace kanya daga Ƙofar Ran har gindin duwatsu. Yakan lissafa mini su yadda suke bin juna: ɗinya ce ke fara zuba a ƙarshen damina, sai taura, sai kanya da magarya, can rani ya yi nisa aduwa da gawo su karɓa. Gada da mazo ba su damu da ciyawa kamar tumaki ba, 'ya'yan itacen da suka faɗo suke tsinta. Birai na sama suna ci suna ɓarnatarwa, su suna ƙasa suna kalaci. Duk bishiyar da ke zuba, nan hanyarsu take. Ranar da ta daina, hanyar ta mutu.

Shekarar da ta gabaci samun 'yancin kai ɗinya ta yi abin da ban taɓa gani ba. Rassa har karyewa suke yi. Matan ƙauye na shigowa da ita kwando-kwando suna roƙon a karɓa. Tukwanena uku ba su huce ba wata biyu. Gidanmu kullum cike yake da ƙudan zuma, Uwani na yawo da baki dumu-dumu. Malam kuwa ya fita da asuba ya dawo da azahar, raɓa ta jiƙa shi har ƙugu, hannu wofi.

Wata rana ina zuba masa ruwan wanke ƙafa na ce, “Malam, ni na ɗauka bana ce shekararka. Abinci ya cika dawa, ai nama zai yi ƙiba.”

Ya ce, “Zai yi ƙiba mana, amma ba zan gan shi ba. Gadar da za ta tashi daga makwancinta ta yi taku goma ta ƙoshi, me zai fito da ita fili? Ba ta da hanya, ba ta da lokaci. A gindin wace bishiya zan tsare ta, alhali duk suna zuba?”

Haka kakar ta wuce masa. Taura ma ta yi, kanya ta yi. Abin da ya samu bai taka kara ya karya ba, rumbu bai cika ba. Maɗina ne ya riƙe gidan, kuma bai ɓoye ba, a gaban Inna yakan ce, “Bana Ladi ce maharbin.” Na ji daɗin maganar fiye da yadda ya kamata. Na fara ganin ni ma na san abin da ya dace da gidan nan.

A wannan shekarar ce muka saba da Saratu. Su mutanen kudancin Bauchi ne, Kirista, mijinta Bulus na cikin leburorin da ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ake ta cewa zai iso garin. Ɗaki suka kama a bayan gidanmu. Ita take ɗaukar mini maɗi ta kai wa leburori, ta dawo mini da hatsi. Hausarta irin ta mutanensu ce, mace da namiji duk “shi” ne a bakinta, Inna ta yi ta dariya. Maman Uwani take ce mini. Bulus kuma in ya fito daga majami'a ranar Lahadi yakan bi Malam daji, ya taya shi ɗaukar kaya a ba shi kasonsa. Mutum ne mai ƙarfi, marar yawan magana.

Da shekara ta juyo, ruwan farko ya zo da ƙanƙara. Da rana tsaka gari ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta yaye rufin ɗakin girkinmu, sannan ƙanƙarar ta sauko kamar ana jifa da tsakuwa. Ta kashe mana kaza biyu. Washegari Malam ya fita, ya dawo da hularsa a hannu, ya miƙo mini. Cike take da furen ɗinya da 'yan ƙananan 'ya'ya kore shar, waɗanda ya tsinto a ƙasa.

Ya ce, “Sai haƙuri. Bana babu maɗi. Bara sun gaji da haihuwa, ɗan abin da suka ɗauka kuma ga shi nan.”

Na lura fuskarsa ba ta ɓaci kamar tawa ba. Na tambaye shi. Ya ce, “In Allah ya sa guda ɗaya ta tsira a wani lungu, duk naman da ke tsakanin nan da Gubi wurinta zai je. Nemo ta ne aikin.”

Gonar ma ba ta yi mana daɗi ba. Mun yi shuka, gero ya tsiro, ruwa ya ɗauke. Kullum hadari ya haɗu da la'asar, a ji ƙamshin ƙasa daga nesa, iska ta watsa shi. Shukar ta ƙone. Aka sake, ta sake ƙonewa. Da ruwan ya dawo kuma sai ya dawo gaba ɗaya, ya kwanta a gonarmu da yake tana cikin kwari, geron ya yi rawaya ya ruɓe a tsaye. Dawa ce kawai ta tsira a ɓangaren tudu, ita kuwa sai can cikin sanyi take nuna. Wasu a unguwa sun samu gero, mu ba mu samu ba. Yunwar gida ɗaya ta fi ta gari ciwo, domin kana jin luguden maƙwabta.

Tun cikin malka muka koma ci sau ɗaya. Da safe in dama ɗan kunun kanwa, tsararo, Uwani ta sha, Inna ta kurɓa. Da hantsi mu fita bayan gida ni da Inna mu tsinko tafasa da rama, in dafa in matse, in barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. Da yamma a tuƙa abin da ya samu, rabi gari rabi dusa. Malam yakan ci loma uku ya ture akushin wajen Uwani, ya ce an ba shi wani abu a gona. Ba wanda ya ba shi komai. Bango ya jiƙe, tabarmi na warin danshi, itace ba ya kamawa sai hayaƙi. Audu na da wata biyar, ya kama nono ya ja ya ja, ya saki ya dube ni. Gashin Uwani ya fara ja, ƙafafunta suka ɗan tasa, in ka danna yatsa wurin ya lotsa.

Da ruwa ya fara tsagaitawa Malam ya shiga nema. Kwana tara yana fita. Ran na goma ya shigo da la'asar da wata irin tafiya da na sani, ya tsuguna gaban Uwani, ya zaro ɗinya biyar daga aljihu. Ta cinye huɗu, ta miƙo mini ɗaya. Ina sa ta a baka na san bishiyar. Doguwa ce ba mulmulalliya ba, ƙwallonta ƙarami, zaƙinta na da ɗan ƙamshi kamar na zuma. A duk ƙasarmu guda ɗaya ce mai irin waɗannan 'ya'ya. Tana cikin wani kwazazzabo bayan ƙauyenmu, wani ƙaton dutse ya yi mata rumfa ta gefe. Shi ya kare ta daga ƙanƙara. Na tsinci ɗinya a gindinta tun ban fara ɗaura zane ba. Ban ce masa na gane ba.

Ya gaya mana abin da ya gani, murya ƙasa-ƙasa kamar dabbobin na jin sa. Gindin bishiyar ya zama kamar kasuwa. Sawun gada ba iyaka, ga na batsiya, ga kuma sawun wani namijin mazo, babba, da ke saukowa ta gabas kullum da sassafe. Inna ta ce, “Alhamdu lillahi. Gobe ke nan.”

Ya ce, “Ba gobe ba. Wurin zama ɗaya ne, kan dutsen, shi kuma yana yamma da bishiyar. Iskar damina daga yamma take busowa. In na zauna yanzu, warina zai riga ni isa. Sai iska ta juya ta fara zuwa daga gabas. Ta kusa.”

Ya zauna a gida yana jira. Ya goge bindiga, ya shanya albarushi, ya wasa wuƙa. Kowace safiya ya tsaya tsakar gida yana kallon inda hayaƙin murhuna ya karkata. Kwana ɗaya, biyu, huɗu. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji haushinsa a kwanakin nan ba. Ran Alhamis na shiga ɗakin girki na tarar da Uwani ta kifa kai cikin tsohuwar tukunyar maɗin bara, tana kankare bushasshen gefen da farce tana lasa. Na fito na same shi.

Na ce, “Malam, ka je ka harbo ko gada ɗaya ce. Ka ga yarinyar nan.”

Ya ce, “Ina ganinta, Ladi. Gada ɗaya cin kwana uku ce, kuma ƙarar bindigar za ta watsa sauran. In na samu mazon nan, na bar wurin ya huce, na koma na ɗauki gada ɗaya-ɗaya, za mu kai har dawa ta nuna. Ki ba ni kwana kaɗan.”

“To ka kwaso mini ɗinyar in yi maɗi.”

“Ɗinyar ce ke riƙe da su. In babu ita a ƙasa, me za su zo yi?”

Na juya na koma ɗakin girki. Ya ɗauka na yarda.

Ran Juma'a ba ya shiga daji. Yakan tafi gona da sassafe, daga can ya wuce masallaci, sai bayan la'asar yake shigowa. Yana fita na ce wa Inna zan je unguwar Ɗan Iya duba gwaggona. Na goya Audu, na biya wa Saratu. Da na gaya mata inda za mu, ta tsaya da kwando a hannu ta ce, “Maman Uwani, maigidanki ya sani?” Na ce bishiyar garinmu ce, ban buƙaci izinin kowa ba. Ta dube ni, ta dubi 'ya'yanta biyu da ke zaune jikin bango, ta ɗauki gammo.

Muka fita ta Ƙofar Ran muka miƙe. Rana ta fito da zafin nan na ƙarshen damina mai sa jiki ya yi ta tsatsafo da gumi, ciyawa ta fi mu tsawo, ƙaiƙayi ko'ina. Da muka gangara kwazazzabon sai sanyi ya buge mu, da ƙamshin nunanniyar ɗinya. Wata gada ta zabura daga gindin bishiyar ta bi ta gabanmu. Ƙasa baƙi ƙirin da 'ya'ya, duk an tattake da ƙananan kofatai. Na ga sawun mazon da idona, ya nutse cikin laka. Na ga inda Malam ya share ganye a kan dutsen don ya zauna ba motsi. Na tsaya ina kallon wurin. Da na juya a lokacin, da ba a yi komai ba.

Muka durƙusa muka fara ci, kamar dabbobin. Sannan muka tsince ƙasa tas. Niyyata iyakarta ke nan, amma kwandunan ba su cika ba, sai Saratu ta samo doguwar gora, na karɓa da hannuna na kakkaɓe rassan da zan iya kaiwa. Na kwance Audu na kwantar da shi a inuwa, ya yi fitsari a wurin. Muka yi ta magana da ƙarfi, har da dariya. Rabona da dariya an daɗe.

A ɗakin Saratu aka dafa maɗin. Ta kai wa leburori, da yake babu shi a gari suka yi wawa, ta dawo da dawa muka raba. Na ce wa Inna gwaggona ce ta ba ni. Ran Asabar na tuƙa tuwo na gaske, ba dusa. Uwani ta ci har ta yi barci a zaune da loma a hannu. Da na ajiye wa Malam akushi, idonsa ya sauka a kan yatsuna. Na goge su da toka da lemon tsami, amma gefen faratan na nan baƙi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya wanke hannu ya ce, “Allah ya saka wa gwaggonki da alheri.” Ya ci.

Ran Lahadi hayaƙi ya karkata yamma. Iska ta juya. Kwana biyu kacal.

Ya tafi ran Litinin tun kafin gari ya waye sosai, ya dawo ba komai. Ya koma Talata. Da ya dawo ya jingine bindiga ya zauna a bakin ƙofar Inna, ni ina tankaɗe na ba su baya.

Ya ce, “An share gindin bishiyar, har sama an kakkaɓe. Warin mutum ya cika wurin. Babu sabon sawu ko ɗaya.”

Inna ta ce, “Wane marar imani ne? Allah ya—”

Ya ce, “Kada ki ƙarasa, Inna. Mai jin yunwa ne.”

Na ci gaba da tankaɗe, garin ya riga ya ƙare a rariyar.

Sauran makon ya yi shi yana bin sawu. Dabbobin sun watse, mazon kuwa ya gangara wani kurmi a bakin rafi, inda wasu ɓaure ke ɗan zubarwa. Na sha jin Malam na cewa ba ya harbi a kurmi: ba ka ganin gabanka, ba ka da wurin kaucewa. Amma dawar da na samo ta kusa ƙarewa, kuma babu wata bishiyar. Ran Lahadi da azahar ya tafi shi da Bulus.

Abin da ya faru daga bakin Bulus na ji. Sun tarar da mazon da la'asar, tsakanin sarƙaƙiya, ba a ganin komai sai wuyansa da ɗan farin zanen jikinsa. Malam ya harba, wani reshe ya kautar da harbin, ya same shi a ciki maimakon kafaɗa. Ya faɗa cikin duhuwa. Bulus ya ce, “Malam, mu jira shi ya mutu.” Kowane maharbi ya san mazon da ya ji rauni ba ya gudu nesa, kwanciya yake ya jira mai bin sa. Malam da kansa ya koya wa Bulus haka. Amma rana ta yi ƙasa, ya ce in suka bar shi kuraye ne za su ci. Bai ma tsaya sake ɗuri ba. Ya zare wuƙa ya sunkuya ya shiga.

Ƙahon ya shige shi a cinya, can sama kusa da mara. Bulus ya ce da ya kutsa ya same su a ƙasa tare, Malam ya maƙale wuyan dabbar da hannu ɗaya, ya yi bisimilla ya yanka, sannan ya sake ta. Bulus ya yage rigarsa ya ɗaure wurin, ya goya shi har wata rugar Fulani, suka ba da jaki. Ana kiran isha'i suka shigo da shi. Fulanin suka biyo baya da naman, ba su taɓa ko tsoka ɗaya ba.

Aka kira wanzami ya wanke ya cusa magani. Washegari ni da Inna da Saratu muka wuni muna yanka nama muna banda a tsakar gida, shi yana ɗaki yana jin ƙamshin. Yakan ɗaga murya ya ce a rage wuta kada ya ƙone, a ba su Bulus cinya guda. Yara suka ci, maiƙo har gwiwar hannu. Ni ban iya kai shi bakina ba.

A kwana na uku ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi, zazzaɓi ya rufe shi. Bulus ya ajiye aikinsa, ya nemo amalanke aka kai shi asibiti. Sun yi masa allurai, sun yi iya yinsu, suka ce dafin ya riga ya shiga jini. Ran Juma'a ya ce a mai da shi gida.

Asabar ɗin ita ce ranar da aka karɓi mulki. Tun da safe gari ya ɗauki kiɗa. 'Yan makaranta suka bi ta bakin layinmu a jere, kowa da 'yar tuta a hannu, suna waƙa. Unguwa ta watse, kowa ya tafi kallo. Uwani, wadda mako biyu da suka wuce ba ta iya tsayuwa sosai, tana zaure tana tsalle. Ina zaune ina yi wa Malam fifita, ya buɗe ido, hankalinsa ya dawo sarai.

Ya ce, “Me ake yi?”

Na ce, “Wai yau Turawa suka miƙa ƙasa.”

“To. Allah ya sa alheri.” Ya saurara kaɗan. “Muryar Uwani ce waccan?”

Na ce ita ce. Ya yi murmushi. Sai na ajiye maficin na ce, “Malam, akwai maganar da zan gaya maka. Bishiyar nan—”

Ya ce, “Mata biyu, ɗaya da goyo. Mai goyon tana taka gefen ƙafarta ta hagu. Shekara bakwai ina ganin sawun nan a tsakar gidana, Ladi.”

Na kifa kaina a gefen gadon. Na ce ya yafe mini. Na ce da na jira kwana biyu.

Ya ce, “Da na gaya miki kwana biyu ne, da kin jira. Ni ma ban sani ba. Ke kina ganin yarinya tana lasar tukunya, ni ina kallon hayaƙi.” Ya numfasa. “Ba ke kika shigar da ni kurmi ba. Bulus ya ce in jira, na ƙi. Kin yi gaggawa, na yi gaggawa. Na yafe miki duniya da lahira. Ke ma ki yafe mini yunwar da kuka sha a hannuna.”

Ya ce in kira Inna. Ya cika kafin azahar, ganguna na tashi daga wajen fili. Da ƙyar aka samu mutanen da za su yi sahu biyu. Bulus ne ya kawo diga da shebur ya haƙa kabarin tare da maƙwabcinmu, sannan ya koma gefe ya tsaya, hula a hannu, har aka gama.

Na shiga takaba. Bandar tana cikin babbar tukunya a ɗakin Inna, ita take ɗiba tana sa wa a miya. In an kawo mini sai in tsame tuwon ta gefe in ci gaya, ko in ce na ƙoshi. Saratu takan shigo ta zauna kusa da ni. Ba mu taɓa tayar da zancen ranar Juma'ar nan ba har suka bar Bauchi. Kwana goma sha biyu ina haka, nono ya ɗauke ƙaf. Audu ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ya koma wani ɗan ƙugi kamar na mage. Aka gwada kunu, ya amayar.

Da hantsin wata rana Inna ta shigo da kwano, romo ne da tsoka uku a ciki. Ta ajiye a gabana ta zauna, abin da ba ta taɓa yi a ɗakina ba. Tsohuwa ce mai kaifin harshe, ɗanta ɗaya ne a duniya, kuma ta binne shi. Na ce na ƙoshi.

Ta ce, “Gwaggonki ta zo gaisuwa. Ban yi mata godiyar dawa ba, don kada in kunyata ki. Tun ranar da ya tare mini baki na gane.”

Na jira abin da zai biyo baya, na kuma san duk abin da ta faɗa na cancanta.

Ta ce, “Ni ma na ci tuwon nan, na kuma ji daɗinsa. In laifi ne, muna ciki tare.” Ta tura kwanon har ya taɓa gwiwata. “Ɗana da hannunsa ya yanka wannan, jininsa na zuba, don kada ya zama mushe ku kasa ci. Ba zan zauna ina kallo ya tashi a banza ba. Buɗe bakinki.”

Na ɗauki tsoka ɗaya na sa a baka. Ina taunawa hawaye na shiga cikin kwanon, ita tana riƙe da Audu tana kallon bango. Naman yana da daɗi. Wannan ne abin da ban taɓa iya gaya wa kowa ba. Na cinye duka ukun, na shanye romon.

Kwana biyu bayan nan nono ya kawo.